Araha Ba Ta Ado? Finafinan Tsoro Na Italiya Da Waɗanda Suka Biya Kuɗin Araharsu

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma da alama wannan karin magana bai ƙetara teku ya isa Italiya ba. A shekarar 2004, bikin finafinai na birnin Benis, wanda ya girmi duk wani biki irinsa a duniya, ya ware fili na musamman domin nuna tsofaffin finafinan araha na ƙasar, waɗanda a lokacin fitowarsu manyan masu sharhi ke toshe hanci in an ambace su. A 2022 kuma gidan tarihin sinima na ƙasa da ke birnin Turin ya baje kolin ayyukan Dario Argento, mutumin da ya yi suna da finafinan yanka da zubar da jini. Kamfanoni a Ingila da Amurka suna wanke waɗannan finafinai, suna gyara launinsu, suna sayarwa da tsada, jami'o'i kuma suna koyar da su. Abin da aka yar a juji jiya, yau shi ne a cikin akwatin gilashi.

Mu dai muna ganin wannan girmamawa ta dace, ko da yake ta makara. Sai dai muna da tsoro guda, wato kada a tashi daga raini a faɗa yabon da ba ya tambaya. Ra'ayinmu shi ne babu fim ɗin araha da ba a biya kuɗinsa ba. Abin da mai jari ya ƙi fitarwa daga aljihunsa, wani ne ya cike gurbinsa. Wani lokaci darekta ne ya biya da basirarsa, wani lokaci kuwa mace ce ta biya da mutuncinta, ko wata al'umma da sunanta, ko dabba da ranta. Duk mai son yanke wa finafinan nan hukunci, to ya fara da tambayar wa ya biya.

Bari mu fara da sunan. Mutanen Italiya suna kiran finafinan kisan gilla da neman mai kisa da suna giallo, ana furta shi jallo, amma fa ba jallon ruwa ba. Ma'anar kalmar ita ce ruwan ɗorawa. A 1929 ne kamfanin buga littattafai na Mondadori da ke Milan ya fara fitar da labaran ƴan sanda da masu kisa cikin bango mai ruwan ɗorawa, akasarinsu fassara daga marubutan Ingila da Amurka irin su Agatha Christie da Edgar Wallace. Launin bangon ya bi labarin, daga baya ya bi fim ɗin. Masana sukan ɗauki fim ɗin Mario Bava na 1963, La ragazza che sapeva troppo, wato yarinyar da ta san abin da ya yi mata yawa, a matsayin ɗan fari. A shekarar da ta biyo baya Bava ya fitar da Sei donne per l'assassino, inda ya kafa siffar da kowa ya kwaikwaya: mai kisa ya rufe fuska, ya sa baƙar hula da baƙar safar hannu, ba a sanin ko wane ne sai a ƙarshe.

Ba za a gane waɗannan finafinai ba sai an gane kasuwar da ta haife su. A 1955 mutanen Italiya sun sayi tikitin sinima sama da miliyan 800. Gidajen kallo hawa uku ne: na manyan birane masu fara nuna sabon fim, da na tsakiya, sannan na unguwannin talakawa da ƙananan garuruwa, inda leburori ke shiga bayan tashi daga aiki, suna hira suna shan taba, ba sa ɗaga kai sai an zo wurin faɗa ko ihu. Irin waɗannan gidaje kullum cikin yunwar sabon fim suke, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1960 ƙasar ke fitar da fim sama da 200 a shekara. Dokar kasuwar kuwa mai sauƙi ce: duk abin da ya ci kasuwa, a tuma a kansa har sai ya ƙare. Suna kiran wannan da filone, kamar jijiyar zinariya a cikin dutse, a yi ta haƙa har ta ƙafe, sannan a koma wata. Haka suka yi da finafinan ƙattin mayaƙan da, haka suka yi da na kaboyi, haka kuma suka yi da na tsoro.

Domin rage kashe kuɗi, ba a ɗaukar murya a wurin aiki. Ɗan wasan Amurka ya yi turancinsa, Bajamushiya ta yi jamusancinta, ɗan Italiya ya yi nasa harshen, daga baya a ɗora murya ɗaya a kan kowa, kusan yadda ake ɗora Hausa a kan finafinan Indiya. Kuɗin ma haɗaka ake yi da kamfanonin Faransa da Sifen da Jamus ta Yamma. Kai, har sunan aro daraktoci ke yi domin a zaci fim ɗin daga Ingila ya fito: Riccardo Freda ya zama Robert Hampton, Antonio Margheriti ya zama Anthony Dawson, shi kansa Bava an taɓa rubuta shi John M. Old. A cikin wannan hali na gaggawa da ƙarancin kuɗi da ɓoye suna ne aka yi ayyukan da ake baje kolinsu yau.

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanin farko shi ne Bava, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 1980. Mahaifinsa masassaƙi ne kuma mai haɗa dabarun hoto tun zamanin finafinan da ba su da murya, shi kuma ya yi shekaru yana riƙe kamara kafin a ba shi ragamar fim. Lokacin da Freda ya ajiye aikin I vampiri bai kammala ba, Bava ne ya ƙarasa shi, ya fito a 1957, kuma shi ake ƙirgawa fim ɗin tsoro na farko da Italiya ta yi tun da sinima ya fara magana. A 1965 aka ba shi aikin Terrore nello spazio, labarin wata duniya a sararin sama, alhali abin da ke ɗakin ɗaukar hoton bai wuce wasu duwatsun roba biyu da suka rage daga wani tsohon fim ba. Da madubi da hayaƙi da fitilu masu launi ya mayar da duwatsu biyu duniya guda. A 1971, wurin ɗaukar Reazione a catena, labarin yana buƙatar daji amma wurin ba shi da itatuwan kirki, sai ya sa aka riƙa riƙe rassa a gaban kamara. Da babu kuɗin hayar abin tura kamara, sai ya ɗora ta a kan amalanken wasan yara. Wannan shi ne biya da basira. Shekara goma bayan haka, fim ɗin Amurka Friday the 13th kashi na biyu ya kwashi wasu fitowa daga wannan aiki kusan ɗaya bayan ɗaya. Manyan daraktocin Amurka irin su Martin Scorsese da Tim Burton ba su ɓoye cewa sun sha daga rijiyar Bava ba.

Argento, wanda aka haifa a 1940, ɗan jarida ne mai sharhin finafinai kafin ya shiga sana'ar. Fim ɗinsa na farko, L'uccello dalle piume di cristallo na 1970, wato tsuntsu mai gashin ƙarau, ya ginu ne a kan dabara guda wadda ba ta cin ko sisi. Wani marubuci Ba'amurke a birnin Rum ya maƙale tsakanin ƙofofin gilashi biyu, yana kallon mace mai fararen kaya tana kokawa da mutum mai baƙaƙen kaya. Shi da ƴan kallo duka sun yanke cewa mai baƙin ne ya zo kisa. Sai a ƙarshe ya tuna daidai: wuƙar a hannun matar take. Ido ya gani, amma zuciya ta riga ta yanke hukunci. Ennio Morricone ne ya yi kiɗan, Vittorio Storaro ya riƙe kamara, shi da daga baya ya ci lambar Oska har sau uku. Da fim ɗin ya ci kasuwa, sai ga sunayen dabbobi sun cika allunan sinima a 1971 kaɗai: kyanwa mai wutsiya tara, ƙudaje huɗu, ƙadangare mai fatar mace, wutsiyar kunama, gizo-gizo mai baƙin ciki. Kama da wane dai ba ta wane, amma ko a cikin masu kwaikwayon akwai waɗanda suka yi aikin a zo a gani.

Kada kuma a ɗauka ado ne kawai a cikinsu. Shekarun da jallo ya yi tashe su ne shekarun da Italiya ke cikin fargaba. A watan Disamba na 1969 bam ya tashi a wani banki a Milan ya kashe mutum 17. A 1978 aka sace tsohon firaminista Aldo Moro aka kashe shi. A 1980 bam ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bolonya. Ƙasar da ake kashe mutane a cikinta ba a san mai kisan ba, ba abin mamaki ba ne ta cika gidajen kallo domin ganin mai kisa marar fuska. A yawancin waɗannan labarai ƴan sanda sukan makara, sai wani baƙo ko ɗan jarida ya gano gaskiya, mai laifin kuma sau da yawa mai sutura ne, ɗan babban gida.

Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Non si sevizia un paperino na Lucio Fulci, wanda ya fito a 1972. A wani ƙauye na kudancin Italiya ana ta kashe yara maza. Mutanen gari suka ɗora laifin a kan wata mata da suke kira mayya, saboda tana soka allurai a jikin ƴan tsana. Ƴan sanda suka bincika suka ga ba ita ba ce, suka sake ta. Duk da haka wasu magidanta suka tare ta a maƙabarta suka yi ta dukanta da sarƙa, ta rarrafa har bakin babbar hanya ta mutu, motoci na wucewa babu wanda ya tsaya. Mai kisan na gaskiya kuwa mutum ne da duk garin ke yi wa kallon mutumin kirki. Wurin dukan nan yana da wuyar kallo ƙwarai, amma jinin da aka nuna yana da aiki: yana tilasta wa mai kallo ya ga abin da taron jama'a ke aikatawa idan zargi ya maye gurbin shaida. Duk wanda ya taɓa jin an yi wa wata baiwar Allah taron dangi da sunan maita, ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wannan fim.

To, yanzu sai ɗaya gefen, wanda masu yabon zamani ke son a bi ta kansa da sauri. Sunan fim ɗin Bava na 1964 kansa ma yana nufin mata shida domin mai kisa, wato an ƙirga su tun daga allo kamar awakin kasuwa. Masu jari sun gano cewa abu mafi araha da ke sayar da tikiti shi ne a tuɓe mace sannan a yanka ta, kamara kuma ta daɗe a kanta. Fim bayan fim aka maimaita wannan, har ya zama ƙa'ida. Fulci ɗin nan da muka yaba, shi ne a 1982 ya yi Lo squartatore di New York, wanda hukumar tace finafinai ta Ingila ta ƙi ba shi izini saboda irin wulaƙancin da aka yi wa jikin mata a cikinsa. Mu tuna fa da ƙasar da ake nuna waɗannan abubuwa: sai a 1981 Italiya ta soke dokar da ke sassauta hukuncin namijin da ya kashe matarsa ko ƴarsa ko ƴar'uwarsa da sunan kare mutuncin gida, kuma sai a 1996 dokarta ta ɗauki fyaɗe a matsayin laifi a kan ita matar, maimakon laifi a kan tarbiyyar jama'a. A irin wannan yanayi, mayar da kukan mace abin nishaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma waɗanda suka biya da sunansu, kuma nan abin ya shafe mu mu ƴan Afirka kai tsaye. A 1966 Gualtiero Jacopetti da Franco Prosperi suka fitar da Africa addio, wato ban kwana da Afirka, inda suka jera hotunan kisa da gawawwaki daga Kwango da Zanzibar da wasu wurare, da saƙon cewa nahiyar ta koma dabbanci tun da Turawa suka tattara nasu ya nasu. Ɗaliban Afirka da abokansu sun yi zanga-zanga a kansa a Balin ta Yamma a wannan shekara. Daga irin wannan salo ne aka samu finafinan masu cin naman mutane na shekarun 1970 da 1980. Mafi shahara a cikinsu, Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, an ɗauke shi a dajin Amazon na Kolombiya, ya fito a 1980. Ya ari sunan Yanomami, al'umma ce ta gaske mai rai, ya nuna su suna farautar mutane suna ci, alhali ba haka rayuwarsu take ba. Sannan aka yanka dabbobi da gaske a gaban kamara, har da ƙaton kunkurun ruwa da biri da alade. Hukuma ta ƙwace fim ɗin jim kaɗan bayan an fara nuna shi a Milan, aka kai darektan kotu, kuma daga baya shi da kansa ya nuna nadamar kisan dabbobin.

Abin lura shi ne ba dole ce ta sa aka yi hakan ba. An gurfanar da Fulci bisa zargin azabtar da karnuka a cikin fim ɗinsa na ƙadangare mai fatar mace, sai da Carlo Rambaldi ya kawo karnukan roba da ya ƙera gaban alƙali kafin aka yarda ba na gaske ba ne. Rambaldin nan shi ne daga baya ya ci Oska da ƙera halittun finafinan Alien da E.T. Ke nan gwanintar tana nan a cikin ƙasar. Wanda ya yanka kunkuru ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi ne kawai, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Mun san abin da masoyan finafinan za su ce. Za su ce wasa ne, jinin ma fenti ne, kuma kowane zamani da idonsa. Za su ƙara da cewa a jallo da dama mace ce jarumar da ke gano gaskiya, wani lokaci ma ita ce mai riƙe da wuƙar, kuma Suspiria na 1977 Argento tare da Daria Nicolodi suka rubuta shi. Akwai gaskiya a nan, ba ma musu. Amma jinin kunkuru ba fenti ba ne, sunan Yanomami ba ƙirƙira ba ne. Batun zamani kuma, ai a zamanin ne ɗalibai suka fita titi, a zamanin ne alƙalai suka zauna. Mutanen lokacin sun san abin da suke gani.

A can ɗaya ɓangaren akwai masu cewa a haramta su duka a huta. Ingila ta gwada wannan a farkon shekarun 1980, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje: aka jera finafinai 72 da za a iya ƙwacewa, da yawansu na Italiya, aka kuma kafa doka a 1984. Abin da ya biyo baya shi ne jerin ya zama talla, matasa suka riƙa farautar duk abin da ke cikinsa, mai kyau da marar kyau aka zuba su kwando ɗaya. Hani irin wannan yana hana mutane koyon rarrabewa, rarrabewar kuwa ita ce abin da ake buƙata.

Ƙarshen wannan sana'a ma darasi ne. A 1976 kotun tsarin mulkin Italiya ta buɗe ƙofa ga gidajen talabijin masu zaman kansu, cikin ƴan shekaru suka cika ƙasar suna nuna fim kyauta dare da rana. Tikitin sinima ya faɗo daga kimanin miliyan 500 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙasa da miliyan 130 a 1985, gidajen kallo na unguwanni suka yi ta rufewa. Kiɗa ya canza, amma masu jari rawa ɗaya suka iya: ƙara jini, ƙara tsiraici, ƙara aron suna. A 1979 an laƙaba wa fim ɗin Fulci suna Zombi 2 domin a zaci ci gaba ne na fim ɗin Ba'amurke George Romero da aka nuna a Italiya da sunan Zombi, alhali babu abin da ya haɗa labaransu. Irin wannan dabara ta ciyar da su na ɗan lokaci, amma ba ta cece su ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 jijiyar ta ƙafe. Abin da ya rage ana kallo da sha'awa shi ne aikin waɗanda suka biya da basira.

Saboda haka muna goyon bayan a ci gaba da wanke finafinan nan ana adanawa, har da munanan cikinsu, domin ƙasa ba ta sanin kanta in ta ƙone shaidar abin da ta taɓa saya da kuɗinta. Amma muna kira ga masu gyara su da masu baje kolinsu da masu koyar da su da su riƙa faɗin magana duka. In an yabi launin Bava, a ambaci matan nan shida. In an nuna fim ɗin Deodato, a gaya wa mai kallo cewa dabbobin sun mutu da gaske, mutanen dajin kuma an yi musu ƙage. Iyaye ma su sani cewa finafinan da a da sai baligi ya sayi tikiti yake ganinsu, yanzu suna yawo a intanet, kuma ba a yi su domin yara ba.

Ga duk wanda ke riƙe da kamara da aljihu marar nauyi, a ko'ina yake, tarihin Italiya ya ajiye masa misalai biyu. Akwai mutumin da ya yi daji da ƴan rassa, ya yi duniya da duwatsu biyu, akwai kuma wanda ya je daji na gaske ya dawo da ƙage da jinin kunkuru. Dukansu talauci ɗaya suka fuskanta, kasuwa ɗaya suka yi wa aiki. Araha tana ado, Bava ya nuna haka, matuƙar dai mai aikin ne ya biya daga gumin kansa.